Gwanjon kayan soja a shagon wucin gadi: yadda sana'ar take a Amurka da Turai, da inda kuɗi ke zurarewa

Me ya sa a Amurka ko Ingila mutum zai kafa rumfa ranar Asabar, ya baje kakin soja da hular kwano da jakunkunan goyo, ɗan sanda ya zo wucewa har ya tsaya ya taya, alhali a Najeriya idan kwastam suka ci karo da irin wannan kaya a tashar jiragen ruwa sai an tara 'yan jarida? Tambayar takan taso duk lokacin da hotunan irin waɗannan rumfuna suka zaga a Facebook ko TikTok. Wasu na ɗauka makamai ake sayarwa a fili ba mai cewa uffan. Wasu kuma, masu idon kasuwa, gani suke gwanjo ce kamar kowace gwanjo: ka ɗauko dila, ka fasa, ka kasa. Dukansu ba su dace ba. Yawancin masu wannan sana'a ba sa taɓa bindiga ko harsashi. Kuma ribarsu ko faɗuwarsu kusan ta gama tabbata tun kafin su ɗaga rumfa, a wajen tantance kaya da sanin abin da dokar garin da za su ci kasuwa ta hana.

Kaya iri uku a kan tebur ɗaya

Na farko shi ne rarar kayan soja na ainihi, wato abin da wata rundunar ƙasa ta saya, ta raba wa sojojinta ko ta ajiye a sito, daga baya ta yi gwanjonsa. Riguna, wanduna, barguna na ulu, tantuna, jakar barci, gorar ruwa, jarkar ƙarfe mai cin lita 20, da akwatunan albarusai da aka kwashe abin cikinsu. Alamar da ake fara dubawa ita ce lambar kaya ta ƙungiyar NATO, mai alƙaluma 13, a jikin ɗan ƙyallen da ke cikin rigar, tare da lambar kwangila da shekarar da aka ɗinka.

Na biyu sabbin kaya ne da kamfanoni ke yi wa 'yan kasuwa bisa salon na soja. Kamfanin Rothco a Amurka, da Mil-Tec da MFH a Jamus, suna cikin manyan masu sarin irin wannan. Ba jabu ba ne muddin an faɗa wa mai saye gaskiya, amma soja bai taɓa sa su ba.

Na uku shi ne abin da za a kira kayan fagen aiki: jakunkuna masu jeren madauri, ɗamara, safar hannu, tocila, wuƙa, jakar agajin gaggawa. Masu sayensu 'yan sanda ne, masu gadi, mafarauta, masu yawon daji da masu wasan harbi da bindigar roba. Tsarin madaurin da ake kira MOLLE, wanda sojan Amurka ya fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1990, shi ne ya haɗa kan wannan kasuwa. Kowane madauri faɗinsa inci 1, tsakaninsa da na ƙasa inci 1, kuma ana ɗinke shi duk bayan inci 1 da rabi. Jakar da ba a bi wannan awo ba, aljihun wani kamfani ba zai zauna a jikinta ba, kuma mai saye da ya san abin zai gane cikin daƙiƙa biyar.

Haɗa waɗannan uku a tsibi ɗaya ba tare da rubuta wane ne wane ba, shi ne hanya mafi sauri ta zubar da mutunci a wannan kasuwa, domin masu sayen sun san juna kuma suna magana.

Daga ina kayan ke fitowa, kuma me ya sa suke raguwa

Sana'ar ta tsufa. Bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, wani ɗan kasuwa mai suna Francis Bannerman ya gina arziki da sayen ragowar kayan yaƙi, har a 1900 ya sayi tsibirin Pollepel a kogin Hudson don ya zama rumbun ajiyarsa. Amma ainihin bunƙasar ta zo ne bayan yaƙin duniya na biyu. A 1945 Amurka tana da mutum kusan miliyan 12 a cikin kaki. Da aka sallame su, kaya suka yi tsibi, dokar rarar kaya ta 1944 ta buɗe hanyar sayar da su, kusan kowane gari ya samu shagon kayan soja. Yau sojan Amurka na dindindin bai wuce miliyan 1 da 'yan kai ba. Rijiyar ta ja baya, wannan shi ne tushen komai.

A yanzu, sashen DLA Disposition Services mai hedikwata a Battle Creek ta jihar Michigan ne ke kula da fitar da kayan da sojan Amurka ya gama da su, kuma jama'a kan saye su ta gwanjon intanet irin na GovPlanet. A Jamus kamfanin gwamnati mai suna VEBEG a Frankfurt ne ke wannan aiki. Ita ma ma'aikatar tsaron Birtaniya tana da hukumar sayar da kayanta, wadda ke aiki da 'yan kwangila. Ƙaramin ɗan kasuwa ba kasafai yake iya shiga wannan layi ba, saboda ana sayarwa ne da tan ko da mota guda. Shi daga hannun 'yan sari yake ɗauka, ko daga tsofaffin sojoji da magadansu.

Kaya kan yi ambaliya ne idan runduna ta canza kaki. Da Birtaniya ta bar zanen DPM ta koma MTP daga 2010, tsohon zanen ya cika kasuwa da arha. Haka aka yi da kakin Amurka mai ruwan toka da ake kira UCP, wanda aka daina sawa a 2019: aljihuna da jakunkunansa sun yi yawa har wasu na rina su kafin su sayar, don launin ba ya da farin jini. Sai kuma akasin haka. Tun da Rasha ta afka wa Ukraine a watan Fabrairun 2022, ƙasashen Turai da dama suka riƙe abin da da sai su yi gwanjonsa, wasu kayan kuma aka tura fagen daga. Shi ya sa sababbin kaya suka yi yawa a kan teburin yau.

Abin da ke kai mutum ga shagon wucin gadi

Shagon wucin gadi shi ne wurin ciniki da ake buɗewa da niyyar tashi: kwana biyu, mako guda, ko wata uku. Bahaushe ba baƙon wannan tsari ba ne, ai haka ɗan koli ke bin kasuwannin ƙauye. Bambancin shi ne takardu.

Dalilin farko haya ce. Shagon dindindin a Amurka yakan zo da yarjejeniyar shekara uku ko biyar, ga kayan soja suna cin wuri kuma ba sa saurin tafiya. Dalili na biyu ya fi ƙarfi: tallar intanet a rufe take ga rabin kayan. Facebook da Google suna da ƙa'idojin hana tallar makamai, kuma na'urorinsu kan ture tallar jaka ko wuƙar daji don kawai sun ga kalmar da ta yi kama da makami. Na uku, tsohon kaki sai an gwada. Riga biyu masu lamba ɗaya, ɗaya ta sha wanki shekara biyar ɗaya tana cikin leda, ba za su zauna a jiki iri ɗaya ba, kuma kuɗin mayar da kaya ta gidan waya yana cinye ribar rigar.

Wuraren cin kasuwar ba ɗaya suke ba. Akwai baje kolin bindigogi da wuƙaƙe na ƙarshen mako, inda ake hayar tebur mai tsawon ƙafa 6 ko 8. Na birnin Tulsa a jihar Oklahoma, da ake yi sau biyu a shekara, teburansa sun haura 4,000. Akwai tarukan masu tara kayan tarihin yaƙi, irin wanda ake yi a Louisville ta jihar Kentucky a watan Fabrairu, da na Ciney a Beljiyam, da na Detling a yankin Kent na Ingila. Akwai filayen wasan harbi da bindigar roba, da kasuwannin tsofaffin kaya, da kuma shagon da ya zauna ba kowa a cikin gari, mai shi ya ba da shi na 'yan makonni. Kowanne da irin mutanensa. Mai tara kayan tarihi zai biya kuɗi mai kauri kan rigar sojan Amurka samfurin M65 ta shekarun 1960 idan ƙyallenta bai goge ba, amma ba zai kalli sabuwar jaka ba. Matashin da ya zo wasan harbi kuwa safar hannu da tabarau yake nema. Wanda ya loda mota iri ɗaya zuwa ko'ina, rabin kayansa yawon buɗe ido kawai suke yi.

A shagon cikin gari, abin da ake sa wa hannu galibi izinin zama ne, ba cikakkiyar haya ba, wato mai gini zai iya tayar da kai da gajeren wa'adi. Abu huɗu ake karantawa da kyau: wa ke biyan wuta, ko akwai kaso daga ciniki bayan kuɗin haya, wane irin kaya aka hana, da sharaɗin inshora. A Amurka an saba neman inshorar da ke ɗaukar diyyar dala miliyan 1, da sunan mai ginin a cikin takardar. Wasu kamfanonin inshora suna cire wuƙaƙe da rigar sulke daga abin da suka ɗauka, kuma ba a gane haka sai ranar da abu ya faru. Sannan ga izinin karɓar harajin ciniki na jihar da aka je. Kalifoniya, alal misali, tana ba da izinin wucin gadi ga mai ciniki na kwana 90 ko ƙasa da haka.

Lissafin kwana biyu

A ɗauki misali, alƙaluman na kwatance ne kawai. Tebur uku a kan dala 90 kowanne, 270. Mai 120. Masauki na dare biyu 220. Abinci 80. Yaron shago 200. La'adar na'urar karɓar kati da ƙananan abubuwa 60. Jimla 950, kafin a sayar da ko maɓalli. Idan a kowace dala 100 ta ciniki 45 ce ke saura bayan an cire kuɗin sari, sai an yi cinikin kusan dala 2,100 kafin a fita daga rami. Idan kowane mai saye yana kashe dala 35, ana bukatar mutum 60. Kasuwar da ke ci awa 15 a kwana biyu, wato mutum huɗu kowace awa, tun daga buɗewa har tashi, kuma la'asar ɗin Lahadi kusan a mace take.

Wannan lissafi ne ke nuna dalilin da ya sa tsofaffin hannu ke cika gaban tebur da ƙananan kaya na dala 5 zuwa 15: igiya, safa, cokalin soja, aljihu, gorar ruwa. Su ne ke biyan kuɗin tebur. Manyan kaya, kamar jakar barci da tanti, su ne riba idan sun tafi, idan kuma suka yi kwantai sai an sake ɗaukar nauyinsu zuwa mota.

Fasa dila: nan kuɗi ke shiga, nan yake fita

Sayen dila cinikin biri a sama ne, kuma duk mai gwanjo a Kantin Kwari ko kasuwar Ƙofar Wambai ya san wannan. A ce an sayi riga 100 a kan dala 9 kowacce, kuɗin mota 150, jimla 1,050. Aka fasa, 15 ba sa sayuwa. Kuɗin kowace riga ya tashi daga 9 ya koma sama da 12. Cikin 85 da suka rage, zaɓen farko ba zai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma daga su ne za a fitar da uwar kuɗi. Wanda ya sa farashi bisa dala 9 ya faɗi tun a sito bai sani ba.

Matsalar da ta fi ci wa 'yan kasuwar Amurka tuwo a ƙwarya ita ce girman kaya. An ɗinka kakin Turai ne don samari 'yan shekara 19 masu ɗamammen ciki, masu saye kuwa yawanci magidanta ne. Manyan lambobi su ke fara ƙarewa, ƙananan su zauna shekara. Ga kuma lambar kanta. Rigar Birtaniya za ka ga an rubuta 180/104, wato tsawon mutum santimita 180, ƙirji 104. Lambar girman riga ta NATO kuma kamar 7080/0414 take, ma'ana tsawo daga 170 zuwa 180, ƙirji daga 104 zuwa 114. Takalma da yawa da milimita ake auna su, 270 na nufin ƙafa mai tsawon santimita 27. Mai saye ba zai tsaya yin wannan lissafi a cikin cunkoso ba. Dole tun a gida a auna kowace riga da tef, daga hamata zuwa hamata, a rubuta a kati a rataya mata.

Sai cututtukan tsohon kaya, kuma kowanne da yadda ake gano shi.

Takalmi shi ne babban mayaudari. Yawancin takalman soja na zamani tsakiyar tafinsu robar foliyuritan ce, wadda danshin iska ke ci a hankali ko da ba a taɓa sa takalmin ba. Hasali ma wanda ya daɗe a kwali ya fi wanda ake takawa saurin lalacewa. Za ka gan shi fes, fata tana ƙyalli, mai saye ya yi tafiyar kwana biyu tafin ya ruguje kamar busasshen burodi. Gwajin shi ne a lanƙwasa takalmin da ƙarfi, a danna babban yatsa a gefen tafin. Idan ya tsage, ko ya yi danƙo, ko gari ya zubo, ya mutu. Takalmin da ya haura shekara 10 da yi, sai an yi masa wannan gwaji ƙafa da ƙafa.

Irin wannan roba ce ake shafa wa cikin jakunkuna da rigunan ruwa. Idan ta tsufa takan yi yauƙi, ta riƙa ɓarewa, ga wani wari mai tsami da wanki ba ya fitarwa. Rigar ruwa kuma a juya cikinta a duba tef ɗin da aka liƙe ɗinki da shi, in ya fara ɗagowa ruwa zai shiga ta kafaɗa. Bargo da rigar ulu, a ɗaga su a gaban fitila, hujin asu zai bayyana. Bargo ɗaya mai ƙwai ya isa ya lalata kwali guda, don haka sabon zuwa ba ya haɗuwa da tsohon kaya sai ya kwana uku a firiza ko an kai shi wankin zafi. Tantin kambas a shinshina: warin fumfuna yana nufin zaren ya fara ruɓewa. Akwatin albarusai a buɗe a duba robar bakin murfi, ita ce ke hana ruwa shiga, in ta bushe akwatin ya zama gwangwani. Jarka a haska cikinta, tsatsa da ɓarewar fenti ake nema. Zif kuwa, a ja shi sama da ƙasa sau biyu, kowanne, ba a tsallake ko ɗaya.

Abu na ƙarshe da sababbin shiga ke mantawa: a lalube kowane aljihu. Ana samun harsashi mai rai, katin shaida, ko magani a cikin kayan da suka fito daga bariki. Harsashi ɗaya a aljihun riga ya isa a kori mutum daga baje kolin da ya hana shiga da albarusai.

Daga nan sai daraja. Kasuwar ta saba da matakai: wanda ba a taɓa rabawa ba, lamba ɗaya mai ɗan alamar amfani, lamba biyu mai faci ko tabo. Babu hukumar da ke tsara wannan, lamba ɗayan wani ita ce lamba biyun wani. Mafita ita ce a rubuta aibin a kan katin da baki: zif na aljihun hagu ya mutu, akwai suna da alƙalami a wuya.

Abin da ba ya hawa tebur

Mai shagon dindindin dokar gari ɗaya yake koya. Mai yawo kuwa kowane mako yana iya kasancewa ƙarƙashin wata doka, kuma wannan ne haɗarin da ya keɓanta da shagon wucin gadi.

A fara da rigar sulke. Dokar tarayyar Amurka ta hana wanda kotu ta taɓa samu da babban laifi na amfani da ƙarfi a kan wani ya mallake ta. Jihar Connecticut ta ce sai ido da ido za a sayar. Jihar New York kuma, bayan harbin da aka yi a wani kanti a Buffalo a watan Mayun 2022, ta taƙaita sayarwa ga masu wasu ayyuka kamar 'yan sanda. Kaya ɗaya, tafiyar awa biyu, hukunci uku. Ban da doka ma, sulke mai laushi yawanci garantin shekara 5 ne da shi, kuma ba wanda ya san zafi da gumin da tsoho ya sha. Sayar da shi a matsayin abin kare rai ganganci ne. Gidan harsashi na bindiga ma haka: wanda ke cin harsashi fiye da 10 haramun ne a jihohi irin su Kalifoniya da New York, ko da babu komai a cikinsa.

Kowane kayan sojan Amurka yana da harafin da ke nuna abin da za a yi da shi in an gama. Harafin A na nufin ana iya sayarwa yadda yake, D kuma sai an lalata shi. Idan kaya mai harafin lalatawa ya ɓullo a hannun wani yana neman mai saye da arha, akwai yiwuwar daga bariki aka sato shi, kuma wanda aka kama da shi a tebur shi zai yi bayani. Tabaran gani da dare na soja suna ƙarƙashin dokar fitar da kayan yaƙi ta ITAR, wadda ke iya hawa kan mutum ko da a cikin Amurka ya miƙa wa baƙo ɗan wata ƙasa. Abincin soja na leda da ake kira MRE, kwalinsa mai cin 12 yana ɗauke da rubutun cewa dukiyar gwamnati ce ba ta sayarwa ba. Akwai na kamfanoni da aka yi don kasuwa, su ake ɗauka. Ko su ɗin, zafi ke ƙayyade ransu: kusan shekara 3 a zafin digiri 27 na ma'aunin Salsiyas, amma wata 6 kacal a digiri 38, abin da motar da aka rufe a rana ke wucewa cikin sauƙi.

Wasu kayan kuma lafiya suke taɓawa. Matatar takunkumin gas na yaƙin duniya na biyu, da ta samfurin GP-5 na Tarayyar Sobiyet, an san suna ɗauke da asbestos mai jawo cutar huhu. Na ado ne, ba a barin yaro ya sa a fuska don ɗaukar hoto. Tsofaffin agogo da kamfas masu haske da dare, da yawa fentin radiyom ne a jikinsu, sinadari mai fitar da tiririn da ke cutar da jiki. Sai madaurin tsayar da jini samfurin CAT, wanda jabunsa ya cika intanet: sandar murɗawar takan karye a daidai lokacin da ake bukatarta. Na gaske yana kaiwa wajen dala 30, duk wanda aka kawo maka a dala 5 ka san abin da ka saya. Gurnetin atisaye da aka cire wa komai ma yakan sa a kira masu kwance bam idan wani ya manta shi a wurin ajiye motoci, shi ya sa masu shirya taro da yawa suka hana shi.

A Turai layin ya bambanta. A Ingila laifi ne sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba wuƙa, kuma tun Satumban 2024 an haramta wasu manyan adduna gaba ɗaya. Ƙwayoyin hura wuta na hegzamin, da sojan Birtaniya ya daɗe yana dafa shayi da su, tun Oktoban 2023 sai mai lasisi ke saye, saboda ana iya haɗa abin fashewa da su. A Jamus, baje kaya mai alamar 'yan Nazi a fili laifi ne a ƙarƙashin sashe na 86a na dokar laifuka. Lambobin girma da anini kuwa, hanya mafi aminci ita ce a cire su daga kakin da runduna ke sawa a yanzu kafin a rataya.

Ranar kasuwa

Nan aikin ya fi sauƙi, in an yi na baya. Rumfa mai ƙafa 10 kowane ɓangare ita ce ma'auni a fili, kuma kasuwanni da yawa suna neman nauyin fam 40 a kowace ƙafarta, domin iska na ɗaga rumfa ta jefa kan mutane. Riguna a rataye bisa girma, ba bisa ƙasar da suka fito ba. Madubi mai tsawo yana sayar da riga fiye da bakin mai kaya. Wuƙa, tocila mai tsada da tabarau a cikin akwatin gilashi mai makulli, kusa da mai karɓar kuɗi, don ƙananan kaya masu tsada su ne ke bin hannun riga idan cunkoso ya yi yawa. Mutum ɗaya ba ya iya tsaron tebur uku.

Kan karɓar kuɗi, a karanta ƙa'idar kamfanin na'urar kati tun kafin a fita. PayPal da ire-irensa sun hana cinikin bindiga, albarusai da wasu wuƙaƙe, kuma suna iya riƙe kuɗin mutum na watanni idan suka yi zargi. A tafi da na'ura ta biyu daga wani kamfani, da canji mai yawa, don manyan zaurukan baje koli sukan kashe sabis ɗin waya. Kowane rasit ya ɗauki adireshin shagon intanet da sharaɗin mayar da kaya, tun da ranar Litinin babu shagon da mai saye zai koma. Da yawa daga masu wannan yawo ma, abin da suke farauta ke nan: wanda ya gwada riga yau ya san girmansa, gobe zai saya ta intanet ba fargaba. Akwai kuma riba ta biyu da ba ta shiga lissafi, wato mutanen da ke zuwa da jakar kakansu suna neman mai saye.

Masu suka da masu karewa

Masu suka suna cewa sayar da sulke da kaki ga kowa yana sauƙaƙa wa mai mugun nufi, kuma rumfar da za ta tashi gobe ba ta da wanda za a tuhuma. Dokar New York daga wannan tunani ta fito. Masu karewa kuma suna nuna cewa mafi yawan abin da ke kan tebur bargo ne da safa da jaka, masu sayensu leburori ne da ɗalibai da masu kwana a daji, waɗanda ba za su iya sayen sabuwar rigar sanyi ta kanti ba, kuma abin da ba a sayar ba ƙonawa ko binnewa za a yi. A kan bargo da jaka, masu karewa sun fi gaskiya. A kan tsohon sulke da madaurin jini na jabu, masu suka ba su ma faɗi rabin abin ba, domin wanda ke cutuwa shi ne mai sayen da ya amince.

In an zo Najeriya da maƙwabta

A nan lissafin ya juye gaba ɗaya. Sashe na 110 na kundin dokar laifuka ta Najeriya ya hana wanda ba soja ba sa kakin soja ko abin da ya yi kama da shi, kuma rundunar soja ta sha maimaita wannan gargaɗi. Ghana tana da dokar taƙaita amfani da kaki da kayan soja tun 1967. Dalilin a bayyane yake: 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane sun sha tare hanya sanye da kaki, matafiyi ya tsaya yana zaton shingen jami'an tsaro ne. Shigo da kaki, rigar sulke, hular kwano ko tabaran dare Najeriya yana bukatar takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro, kuma ba a ba ɗan gwanjo ita.

Wanda abin ya fi shafa shi ne mai sayen dilar tufafi ta yau da kullum, domin wando ko jaka mai dabbare-dabbaren soja kan faɗo a cikinta ba da saninsa ba, tun da a Turai kayan yayi ne har da na yara. Irin wannan ba ya hawa igiyar rataya, kuma ba a ba yaron shago ya sa ya hau babur. Haka ɗan uwan da ke Amurka ko Jamus ya ga jakar goyo mai ƙarfi da arha a irin waɗannan rumfuna yana son aiko wa ƙaninsa ɗalibi: ya zaɓi baƙa ko ruwan ƙasa marar zane, ya cire duk wata tuta ko lamba da ke jikinta kafin ya sa a kwali.